Yadda ake kafa sola a gundumar karkara ta tsaunukan Kolorado, daga auna rana zuwa izinin kunnawa

Wanda ke da gida a ɗaya daga cikin gundumomin tsaunukan jihar Kolorado ta Amurka ba sai an gaya masa akwai rana ba. Akwai ta, kuma mai ƙarfi. Abin da ke ɓata aikin sola a irin wannan wuri daban ne. Wani ya sayi kaya bai duba inda inuwar dutse ke faɗuwa a watan Disamba ba. Wani ya sa hannu a kwangila bai tambayi nauyin dusar ƙanƙarar da gunduma ta ce dole rufinsa ya ɗauka ba. Wani kuma sai da ya gama kafawa ya je wurin masu layin wuta, suka ce taransifomar da ke ba shi wuta ta yi ƙanƙanta. Duka ukun sun fara da abin da ya kamata su ƙare da shi. Sayen kaya yana can kusa da ƙarshe, bayan ka san filinka, ka ji ta bakin masu layi, ka ji ta bakin gunduma.

Da farko, rana nawa ce a filinka

Tsayi yana taimaka wa sola ta hanya biyu. Garin Leadville yana kan tsayin kusan mita 3,100 daga matakin teku, Alamosa da ke kwarin San Luis kuma wajen mita 2,300. A irin wannan tsayi iskar da haske zai ratsa kafin ya iso ƙasa ba ta da kauri, ga ta a bushe, don haka hasken kan iso da ƙarfinsa. Na biyu shi ne sanyi. Mutane da yawa na zaton fanel, wato farantin sola, zafi yake so, alhali haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. Adadin wat da ake rubutawa a bayan fanel an auna shi ne a digiri 25 na ma'aunin zafi na Celsius, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. Idan zafin ya sauka ƙasa da 25, riba ce. Shi ya sa ranar sanyi mai garau a watan Maris, ga dusar ƙanƙara a ƙasa tana maido da haske, takan ba da wutar da tsakar ranar Yuli ba ta bayarwa.

A yawancin Kolorado, kilowat ɗaya na fanel da ya fuskanci kudu ba tare da inuwa ba yana ba da yunit 1,500 zuwa 1,700 a shekara. Yunit shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, abin da mita ke ƙirgawa. Za ka iya samun ƙiyasin adireshinka kyauta a manhajar PVWatts, wadda cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin tarayya da ke garin Golden, wadda aka fi sani da NREL, ta ƙirƙiro. Sai dai ka riƙe wannan: manhajar ta san yanayin yankinka, amma ba ta san dutsen da ke bayan gidanka ba, ba ta san itatuwan maƙwabcinka ba, sai abin da ka gaya mata.

A nan ne aikin tsauni ya bambanta da na fili. Kolorado na tsakanin digiri 37 da 41 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A tsakiyar jihar, ranar 21 ga Yuni da tsakar rana, rana kan hau kusan digiri 74 sama da sararin ƙasa. Ranar 21 ga Disamba kuwa ba ta wuce 28. Gidan da ke gangaren da ya fuskanci arewa, ko a ƙasan kwari mai matsi, zai iya wuni cikin rana a Yuni amma ya samu awa biyu kacal a Disamba, ko ya rasa gaba ɗaya na tsawon makonni. Wanda ya je duba fili a lokacin zafi ba zai ga wannan da idonsa ba.

Saboda haka ka tsaya daidai inda kake son kafa fanel, ka fuskanci kudu, ka auna tsayin duk abin da ya tare sama daga kudu maso gabas zuwa kudu maso yamma. Masu sana'ar suna da na'urar yin haka, irin su Solar Pathfinder, kuma akwai manhajojin waya da ke zana hanyar rana ta kowane wata a kan hoton da kyamara ke gani. Abin da kake nema shi ne sarari daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na yamma a watan Disamba. Idan da kamfas kake aiki, ka tuna allurarsa a Kolorado tana kauce wa ainihin arewa da wajen digiri 8 zuwa gabas, sai ka gyara. Ka kuma lura da itatuwa irin na dangin fir da ba sa zubar da ganye. Inuwar itace a tsakar ranar Disamba ta kusa ninka tsawonsa biyu, da safe da yamma ta fi haka nesa. Duk ɗan kwangilar da ya ba ka farashi daga hoton tauraron ɗan'adam kaɗai, bai tako filin ba, ni dai ba zan ɗauki lissafinsa da muhimmanci ba.

Girman da kake buƙata

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ka tara takardun kuɗin wutarka na wata goma sha biyu ka haɗa yunit ɗin. Mu ɗauka sun kama 9,000. Idan kilowat ɗaya zai ba ka 1,600, kana buƙatar kilowat 5.6, wato fanel 14 masu wat 400. Idan awon inuwa ya nuna za ka yi asarar kashi 15 cikin ɗari, kilowat ɗaya ya koma 1,360, buƙatarka ta zama kilowat 6.6, fanel 17 ke nan. Idan kana shirin sayen mota mai lantarki ko komawa ɗumama gida da lantarki, ka saka shi cikin lissafin tun yanzu.

Wanda gidansa ba ya kan layi sam, lissafinsa ba na shekara ba ne. Na wata mafi muni ne. Shi zai tambayi kansa abin da zai samu a Disamba da Janairu bayan kwana uku na gajimare, ya gina a kan wannan.

Ka je wurin masu layin wuta kafin kowa

Yawancin karkarar tsaunuka ba babban kamfani ke ba ta wuta ba. Ƙungiyoyin haɗin gwiwa ne mallakar masu amfani da wutar, waɗanda suka samo asali daga shirin kai lantarki karkara na shekarun 1930, musamman dokar 1936. Holy Cross Energy, San Miguel Power Association, Mountain Parks Electric da La Plata Electric Association duk irinsu ne, kuma kowace tana da nata ƙa'idoji da hukumarta ke tsarawa.

Dokar jihar ta 2008 ta wajabta wa waɗannan ƙungiyoyi karɓar rarar wutar gidaje ta tsarin da mita ke ƙirga shiga da fita, har zuwa kilowat 10 ga gida da 25 ga wurin kasuwanci. Wasu na yarda da fiye da haka, amma wannan ne mafi ƙarancin abin da doka ta ba ka. Rarar da ka tura layi a wata guda ana ajiye maka ita ka ci a wata mai zuwa. Sau ɗaya a shekara ake rufe lissafi, kuma abin da ya rage ana biyansa da farashin da ƙungiyar ta sa, wanda galibi farashin sari ne, ƙasa sosai da wanda kake saye. Wannan ya sa kafa abin da ya zarce buƙatarka ta shekara ba ya biyan kansa.

Tambayar da mutane ke mantawa ita ce watan da ake rufe lissafin. Gidan tsauni yana tara rara a lokacin zafi ya cinye ta a hunturu. Idan ana rufewa a Maris ko Afrilu, ka ci moriyar ajiyarka. Idan a ƙarshen Disamba ne, za a biya ka rarar da araha, ka koma sayen wuta da cikakken farashi a Janairu da Fabrairu. Ka tambayi kuɗin wata-wata da ba ya canzawa ko da ba ka sha wuta ba, ka tambaya ko suna da ƙarin caji a kan lokacin da ka fi jan wuta, ko suna buƙatar makunnin yanke wuta a waje inda ma'aikacinsu zai kai hannu, ko suna neman shaidar inshora. Sannan ka nemi su duba taransifoma da layin da ya zo gidanka. Gidan da ke ƙarshen dogon layi na karkara shi ya fi fuskantar a ce sai an canza wani abu, kuma sau da yawa mai nema ne ke biya. Ka cike takardar neman haɗawa da layi, ka karɓi amincewarsu a rubuce kafin ka biya kafin alƙalamin kaya.

Gunduma, da maganar dusar ƙanƙara

Kolorado na da gundumomi 64, kuma ba ta da dokar gini ɗaya da ta hau kan dukan gidajen jihar. Kowace gunduma da kowane gari ke zaɓar bugun dokar gini da za su bi, su ƙara nasu gyare-gyare. Abu na farko shi ne ka tabbatar wa ke da iko da filinka: idan kana cikin iyakar gari, ofishin garin ne, idan kana waje, gunduma ce. Adireshin wasiƙa ba ya nuna wannan, taswirar ofishin ƙiyasta harajin gidaje ce ke nunawa. Akwai gundumomin karkara da ba su da ofishin duba gini ma, amma hakan bai ɗauke maka izinin lantarki ba. Inda ƙaramar hukuma ba ta da sufetonta, Hukumar Lantarki ta jiha ce ke ba da izini ta turo mai dubawa.

Idan ka je ofishin, ka nemi lambobi huɗu na filinka: nauyin dusar ƙanƙara, gudun iska, zurfin da ƙasa ke daskarewa, da tazarar da dole ka bari daga iyakar fili. Na farkon shi ne babba. Ana faɗinsa da fam, ma'aunin nauyi na Amurka, a kan kowace ƙafa murabba'i, yana ƙaruwa da tsayin wuri, kuma a garuruwa mafi tsayi yakan kai fam 100 ko ya wuce. Yanzu ka duba takardar bayanin fanel. Yawancinsu an gwada fuskarsu da nauyin faskal 5,400 (faskal ma'aunin ƙarfin dannawa ne), kimanin fam 113 ke nan a kan kowace ƙafa murabba'i. Amma wannan adadin gwaji ne. Nauyin da aka yarda a tsara aiki a kansa shi ne adadin gwaji a raba da 1.5, wato faskal 3,600, kusan fam 75. Kuma ko wannan ɗin bai tabbata ba sai an ɗaure fanel a wuraren da kamfaninsa ya nuna. A wuri mai nauyin dusa sosai akan ƙara layin ƙarfe na uku a ƙarƙashin kowane jeri, a matso da ƙafafun da ke riƙe da rufi kusa da juna, ko a nemi fanel mai ƙaƙƙarfan firam. Gundumomin tsauni da dama ba sa karɓar zane sai da hatimin injiniya mai lasisin jihar. Kuɗinsa ba asara ba ne. Dusa ba ta danna fanel daidai wa daida, tana zamewa ta taru a gefen ƙasa, ta narke da rana ta daskare da dare, har ta ɓanɓare firam daga gilashi.

Akwai kuma inda dusar za ta faɗa. Gilashi ya fi yawancin rufi santsi, kuma tarin dusa kan sauko gaba ɗaya lokaci guda. Kada a jera fanel saman ƙofar shiga, saman mitar gas, ko inda ake ajiye mota, sai an sa abin tare ta.

Dokar kashe gobara tana son hanya a kan rufi. A bugu na baya-bayan nan na dokar ginin gidaje da gundumomi da yawa ke bi, ana barin hanyoyi masu faɗin inci 36 daga gefen rufi zuwa ƙololuwa, da inci 18 a kowane gefen ƙololuwar idan fanel bai rufe fiye da kashi 33 cikin ɗari na rufin ba. Idan ya wuce, inci 36. Hukumar kashe gobara ta yankinka na iya ƙarawa ko sassautawa, don haka ka kira ta.

Ra'ayina shi ne, duk mai fili a tsauni ya fara tunanin kafawa a ƙasa kafin rufi. A ƙasa kai ke zaɓar wurin da ya fi rana ko da nesa da gida, kai ke zaɓar jinginar, wato yadda fanel zai karkata. Jingina mai tsauri, wajen digiri 45 zuwa 55, tana kama ranar hunturu kuma tana zubar da dusa da kanta. Kana iya sharewa kana tsaye. Idan ka sa fanel mai karɓar haske ta gaba da baya, farar ƙasa za ta ƙara maka wuta. Tsadarsa ita ce ginshiƙai da dole su wuce zurfin daskarewa, sau da yawa cikin dutse, da ramin binne waya. Ka ɗaga gefen ƙasa sama da inda dusa ke kaiwa, in ba haka ba abin da ya zame zai taru ya rufe jerin ƙasa. Gunduma za ta ɗauke shi a matsayin gini, za ta duba tazararsa daga iyaka, daga rijiya, daga rafi, kuma ba za ta yarda a kafa shi a kan filin da ruwan masai ke tsiyayewa ba. Kafin kowane haƙa, a kira lambar 811 a zo a nuna inda bututu da wayoyi ke binne. Kyauta ne kuma doka ce.

Abu biyu da doka ta tsaya maka: kuɗin izinin sola na gida da ƙaramar hukuma za ta karɓa an ƙayyade shi kada ya wuce dala 500 a bisa al'ada, kuma ƙungiyar masu gidaje ta unguwa ba ta da ikon hana sola gaba ɗaya, sai dai ta sa sharuɗɗan kyan gani masu ma'ana waɗanda ba za su tsauwala kuɗi ko rage amfanin aikin sosai ba.

Sanyi da waya

Dokar lantarki ta ƙasa, NEC, ana sabunta ta duk shekara uku, kuma sashe na 690 ne ke magana a kan sola. Wuri ɗaya a cikinsa ya fi shafar mutanen tsauni. Sanyi yana ɗaga boltej na fanel. Ɗauki fanel mai bolt 40 a digiri 25, wanda ke ƙaruwa da kashi 0.28 cikin ɗari ga kowane digiri da aka sauka. Da asubar da sanyi ya kai 35 ƙasa da sifili, bambancin digiri 60 ne, fanel ɗin ya koma kusan bolt 47. Jerin 14 da a takarda yake 560 zai haura 650, alhali iyakar da doka ta sa wa gidan zama 600 ce. A wannan misali 12 ne iyaka, ko 13 sun wuce. Ka tambayi mai zane da wane ma'aunin sanyi ya yi lissafi. Idan na Denver, babban birnin jihar, ya ɗauka alhali kana kwarin da ya fi can sanyi nesa, a sake.

Inbata, na'urar da ke mayar da wutar fanel irin wadda gida ke amfani da ita, ita ma tana da iyakar tsayi. Iska marar kauri ba ta sanyaya na'ura sosai, don haka wasu kamfanoni na rage ƙarfin da suka lamunce daga mita 2,000, wasu na kaiwa 3,000 ko 4,000. Yana rubuce a takardar bayani. Janareta haka yake, yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000.

Sai akwatin rarraba wutar gidanka. Ƙa'idar da aka fi bi ta ce babbar bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa) da birekar sola in an haɗa kada su wuce kashi 120 cikin ɗari na ƙarfin akwatin. Akwati mai amfiya 200 da babbar bireka 200 yana barin 40 ga sola, abin da ya yi daidai da inbata mai kusan kilowat 7.6. Tsohon gidan katako mai akwatin amfiya 100 zai iya buƙatar canji. Fanel da ke kan rufi kuma dole ya kasance da tsarin kashewa cikin gaggawa, wanda ke sauke boltej cikin daƙiƙa 30 saboda 'yan kwana-kwana. Jihar na barin mai gida ya karɓi izini ya yi wayarin gidan da yake zaune a ciki da hannunsa, amma sufeto zai auna shi da ma'aunin da yake auna ƙwararre.

Batir

Sola da ke haɗe da layi tana mutuwa idan aka ɗauke wuta, ko da rana na tsaka. Da gangan aka yi haka, don kada ta tura wuta cikin layin da ma'aikaci ke gyarawa. Wanda yake son wuta lokacin da guguwa ta kayar da turaku, musamman mai famfon rijiya, sai ya haɗa da batir da inbatar da ke iya ware gida daga layi.

Batirin litiyam ba a cajinsa idan ya yi sanyi ƙasa da sifili, lalacewa yake yi. Ko dai a sa shi a wuri mai ɗumi, ko a sayi mai na'urar ɗumama kansa, a kuma san cewa ɗumamar daga cikin ajiyarsa take ci. Dokar gini ta hana sa shi a ɗakin kwana. Gareji, ɗakin na'urori, ko bangon waje nesa da ƙofa da taga da ƙafa uku, su ne wuraren da aka saba yarda da su. Ka nemi mai shaidar gwajin aminci ta UL 9540, don sufeto zai neme ta.

Kuɗi, dubawa, kunnawa

Rangwamen harajin tarayya na kashi 30 cikin ɗari da masu gida suka daɗe suna dogara da shi ya ƙare ga ayyukan da aka kammala bayan 31 ga Disamba 2025, bisa dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025. Duk takardar farashin da har yanzu ke cire shi ga mai sayen kayansa da kansa, tsohuwa ce. Ka tambayi ƙungiyar wutarka da gundumarka ko suna da nasu tallafin, kuma ka tambaya tun kafin aiki, don wasu ba sa biyan abin da aka riga aka kafa. Ka sanar da kamfanin inshorarka, ka tabbatar ya rufe ɓarnar ƙanƙara da gobarar daji. A kwangila a rubuta wa zai karɓo izini, da nauyin dusa da ma'aunin sanyin da aka yi zane a kansu, kuma a bar kason ƙarshe na biya sai an kunna. Shaidar ƙwarewa ta NABCEP, hukumar da ke tantance masu aikin sola, alama ce mai kyau, amma ganin aikin da mutum ya yi a tsayi irin naka, wanda ya ci hunturu biyu ko uku, ya fi ta.

Lokacin aiki gajere ne. Ba a haƙa daskararriyar ƙasa cikin sauƙi, ba a hawa rufi mai dusa, don haka takardu a hunturu, gini daga ƙarshen bazara zuwa kaka. Kada a rufe ramin waya ko a zuba kankare kafin sufeto ya gani, domin a karkara zai iya ɗaukar kwanaki kafin ya zagayo, kuma yana da ikon cewa a tone. Bayan dubawar ƙarshe ta gini da ta lantarki, ana tura shaidar ga masu layi, su zo su canza mita ko su saita ta, su ba da izinin kunnawa a rubuce. Kafin takardar nan ta zo a bar makunni a kashe; wasu mitoci na ƙirga wutar da ka tura waje a matsayin wadda ka sha.

A hunturun farko ka riƙa kwatanta abin da kake samu kowane wata da ƙiyasin da aka ba ka. Idan dusa ta rufe fanel na ƙasa, a share da abin sharewa mai kan soso, ban da ƙarfe, ban da ruwan zafi. Na kan rufi kuwa a bar shi ya zube da kansa, domin wutar kwana biyu ta Janairu a gidan da ke kan layi 'yan daloli ce.